Ranar da Na Kai Makaɗan Dambe Filin Tanis

Ko tsufa zai kai ni inda zan riƙa neman hulata alhali tana kaina, akwai rana guda da na tabbata ba za ta ɓace min ba, wato Asabar ɗin da na ɗebi makaɗan dambe na kai su filin tanis a Sabon Gari. Shekaru sun ja, na yi aure, na tara iyali, amma abin yana nan a raina kamar jiya aka yi. Matata takan ce ina ƙara gishiri in ina ba da labarin. Wallahi ragewa ma nake yi, don akwai wuraren da har yau kunya ba ta bari na faɗa.

Ni ɗan Rijiyar Lemo ne a Fagge. Mahaifina malamin makaranta ne, mutum mai tsadar magana, wanda in ya ce maka "to" sai ka kwana kana tunanin wace iri ce. A gidanmu babu wanda ya san wani abu wai shi tanis. Ina ɗan shekara goma sha ɗaya aka aike ni Sabon Gari, ina tafe gefen wata doguwar katanga sai ga wata 'yar ƙwallo mai gashi-gashi ta faɗo gabana. Na ɗauka na zagaya na shiga, ashe filin tanis ne, don in mayar, da niyyar in ga ko za a ba ni tukuici. Ba a ba ni komai ba, sai wani dattijo ya miƙo min tsintsiya ya ce tunda na shigo in share can gefen.

Wannan dattijon shi ne wanda kowa ke kira Baba Koci. Ibo ne, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, amma a Sabon Gari aka haife shi, kuma Hausar bakinsa ta fi tawa nuna, don in ya jefe ka da karin magana sai ka je gida ka tambayi ma'anarta. Tsarinsa guda ne ga kowa. Ka share fili, sannan ka tsaya gaban bango ka yi ta buga ƙwallo tana dawo maka har sai ya gama jin labarai a 'yar rediyonsa, sannan a yi maganar shiga fili. Shekara huɗu na yi a hannunsa ban taɓa jin ya yabe ni ba. Ranar da na yi abin a zo a gani, iyakarsa ya ce, "To, ba laifi," ya juya ya ci gaba da ɗinke ragarsa.

Ina da shekara goma sha biyar da 'yan watanni aka shirya wata 'yar gasa ta yara 'yan ƙasa da sha shida, na shiga, Allah ya ba ni sa'a na cinye. A wasan ƙarshe na doke wani siririn yaro ɗan Sabon Gari, ɗan wani mai sayar da kayan gyaran mota, wanda muke yi wa laƙabi da Bango saboda duk abin da ka buga masa sai ya dawo maka da shi. Ba shi da ƙarfin hannu, ba shi da salo, ba ya magana. Ni kuwa akwai ƙarfi, akwai iyayi. Kofin da aka ba ni bai fi kofin shan shayi girma ba, kuma da a nan abin ya tsaya da lafiya lau. To, wani ya ɗauki bidiyon wata buguwa da na yi a sama na dire, aka yi ta turawa a waya. Kwana biyu sai ga gayyata daga wani gidan rediyo. Mai shirin, wanda na tabbata bai taɓa riƙe raket, wato abin buga ƙwallon, ba, ya ce da masu sauraro ga Guguwar Fagge, yaron da nan da shekara biyu Turawa za su riƙa gudu in sun ji sunansa. Ni kuma da aka miƙo min makirfo, maimakon in ce Allah ya sa, sai na ce ai shekara biyu ma ta yi yawa.

Kafin in dawo gida unguwa ta ɗauka. Mai shayin bakin layinmu ya raɗa wa haɗin taliya da ƙwai huɗu suna Guguwa, kuma ni kyauta nake ci. Mai aski ya zana min hoton raket a ƙeya, wanda ya fi kama da ludayi. 'Yan adaidaita sahu suka buga hotona suka liƙa a bayan kekunansu. Yaran da da suke min dariya wai ina wasan 'yan gayu da matankaɗi, yanzu su ne ke rigimar riƙe min jaka. Duk wata goggo da inna da nake da ita daga Fagge har Kwaciri sai da ta aiko a kai mata ni ta sa min albarka, kuma kun san albarkar goggo ba ta tafiya ita kaɗai, sai da tuwo malmala uku da man shanu. In ka ce ka ƙoshi a ce ka fara girman kai tun ba a je ko'ina ba.

Sai ga Kawu, ƙanin mahaifiyata, mai sayar da yadi a kasuwar Kwari. Mutumin kirki ne, yana ƙaunata har zuci, amma duk abin da Kawu ya shiga sai ya fi mai abin zaƙewa. Ya zo ya zauna a zaurenmu ya naɗa kansa manajana ba tare da kowa ya roƙe shi ba. Shi duk duniya wasa guda ya sani, dambe, ba ya fashin zuwa kallo. Saboda haka a ganinsa abin da na rasa a rayuwa shi ne take.

"Ɗana, ka taɓa ganin zakara ba take?" in ji shi. "Ko jakin da ya yi suna akwai yadda ake kiransa. Gobe da la'asar ka shirya."

Washegari da la'asar, lokacin da ya kamata ina gaban bango, ina gidan dambe. Kawu ya kai ni gun wani makaɗi mai kalangu, kakkauran mutum mai jan ido, ya yi masa bayanin cewa wannan yaron da matankaɗi yake kisa. Makaɗin ya dube ni sama da ƙasa, ya matse kalangunsa a hammata, nan take ya tsara min kiɗa. Maroƙinsa ya ɗora: "Guguwa na Rijiyar Lemo! Kwashe rufi, bar mai gida da tagumi! Yaro da gora, manya da gudu!" Jama'a, ban san abin da ke cikin fatar kalangu ba, amma ji na yi tsigar jikina ta tashi. Kawu ya nuna min yadda 'yan dambe ke amsa takensu, a ɗaga hannu sama, a karkaɗa shi, a yi tsuma. Na ɗaga raket, wanda dama ko masallaci ne kawai ba na shiga da shi, na karkaɗa. Wurin ya ɗauki ihu. Daga ranar kusan kullum sai mun je. Makaɗin yana hango ni zai saki take, ni kuma hannu ya tashi. Har ta kai ba na ma tunani, da na ji kiɗan hannun ke tashi da kansa.

Filin Sabon Gari kuwa sai na ga dama. In na je ma ba na taɓa tsintsiya, ina Guguwa ina shara. Ran nan na shiga da baƙin tabarau da 'yan rakiya uku, na tarar da Bango shi kaɗai gaban bango yana ta faman tas, tas, tas. Baba Koci ya kashe rediyonsa, abin da ba ya yi sai magana ta kai magana.

"Ɗan Malam, zo nan. Cire wannan abin daga idonka in ga da wa nake magana."

Na cire. Ya ce takarda ta zo daga Legas. Akwai gurbi a sansanin horar da yara na ƙasa, inda za a ɗauki nauyin karatun yaro da horonsa har ya gama sakandare. Gurbi ɗaya tak aka ba Kano, kuma sai ɗan ƙasa da sha shida. Nan da mako shida za a turo alƙaliya ta zo ta sa a kara tsakanina da Bango, wanda ya ci shi zai tafi.

"Kai baɗi ka wuce shekarun," in ji shi. "Wannan ce taka ta farko, ita ce ta ƙarshe. Ka ji ni da kyau?"

"Baba, wannan yaron fa na riga na gama da shi. Ko da hannun hagu ne."

Ya dube ni, ya dubi cikina da ya fara turo riga. "Ba girin-girin ba, ta yi mai. Gobe ƙarfe huɗu ina son ganinka da tsintsiya."

Ban je ba. Gobe ɗin akwai ɗaurin aure a Kwaciri da aka ce ango ya roƙi in zo a yi hoto da ni. Jibi akwai buɗe wani shagon wanki da guga, ni ne babban baƙo. A mako shidan nan, in na ƙirga da adalci, sau biyar na taka filin. Kuma ina so in faɗi gaskiya, ba wai ban damu da gurbin ba ne. Ina son sa kamar raina. Har na gaya wa 'yan ajinmu su fara sabawa da rashina. Kawai dai na ɗauka an riga an rubuta sunana, zuwa karɓa ya rage. Mahaifina sau ɗaya ya yi magana. Ina fita da rakiya ya ɗago daga littattafan da yake dubawa ya ce, "Ganga in ta cika zaƙi, fashewa za ta yi." Na ce, "To, Baba," na fice, a raina ina cewa tsofaffi ba su san zamani ba.

Ana saura kwana uku na yi babbar wautar. Kawu ya tambaye ni mutum nawa ake bari su shiga kallo. Na san sarai cewa tanis shiru yake so, na san in ana wasa ko tari mutum zai yi sai ya danne. Amma na hango kaina ina shiga fili ana kaɗa min take a gaban Bango da alƙaliyar Legas, sai na ce, "Kawu, ko nawa ne. A zo da makaɗa ma." Tsuntsun da ya ja ruwa dai shi ruwa kan doka.

Kawu bai tsaya nan ba. Ya ce zakara ba zai shiga fili da tsohuwar riga mai huji ba, ya yanko farar shadda mai tsada daga shagonsa ya kai wa wani gwanin tela a Fagge. Aka ɗinka min riga da gajeren wando, aka yi aikin zare a wuya da aljihu kamar na angwaye, aka rubuta Guguwa a baya da zare ruwan gwal, sannan aka kai wa mabugi ya buge ta har tana ɗaukar ido. Da na saka, in na taka sai ka ji ƙwaras ƙwaras. Hannuna ba ya ɗaguwa sosai, amma da na dubi madubi sai na ga ai ba komai.

Ranar Asabar da hantsi muka ɗunguma. Adaidaita ta fi goma sha biyar, ga babura, ga motar ɗaukar yadi ta Kawu cike da makaɗa. Goggona babba, wadda ba a biki a danginmu sai da guɗarta, tana gaba da ƙawayenta sun yi anko. Mutanen Sabon Gari suka fito ƙofar shaguna suna tambaya ko ɗan siyasa ne. Da muka isa, Baba Koci yana tsaye bakin ƙofa. Ya dubi jama'a, ya dubi kalangai, ya dubi shaddata, ya matsa gefe muka shiga. A ɓangaren Bango mutum biyu ne, babansa da wata yayarsa riƙe da gorar ruwa.

Alƙaliyar wata mata ce mai gilashi, ba ta jin Hausa. Ta hau doguwar kujerarta ta yi jawabi, Baba Koci ya fassara cewa in an fara wasa ba kiɗa, ba ihu, ba motsi.

"Oga Koci, tsaya," in ji Kawu. "Wasa muka zo ko zaman makoki?"

"Alhaji, haka dokar take."

"To shi yaron ta ina zai san muna tare da shi?"

Da ƙyar aka daidaita a kan makaɗa su koma bayan wayar da ta kewaye filin, su yi shiru sai an tafi hutu. Makaɗin ya fita yana ƙunƙuni, wai shekara talatin yana kiɗa ba a taɓa ce masa ya yi shiru ba sai yau, kuma mace.

Ga wanda bai san wasan ba, abin ba wuya. Ka buga ƙwallo ta tsallake raga ta faɗa cikin layin abokin karawarka. In ta fita layi ko ta daki raga, makin nasa ne, haka ma in ta yi tsalle biyu a ɓangarenka ba ka mayar ba. Wannan ɗan bayanin shi ne ban taɓa zama na yi wa mutanena ba. Su a ganinsu wanda ya fi duka da ƙarfi shi ke kan gaba.

Na jefa ƙwallo sama zan yi bugun farko, Goggo ta rangaɗa guɗa. Na firgita na maka ƙwallon ta haye waya ta faɗa titi. Wurin ya kaure da sowa. "Ya aika ta Kwari!" in ji wani. Yara suka bi ta da gudu, kuma har yau ba a dawo da ita ba. Alƙaliya ta yi gargaɗi. Na sake bugawa, hammatar shadda ta riƙe ni, ƙwallo ta tafi can kan rufin maƙwabta. Sowa ta fi ta farko, alƙaliya kuwa ta ba Bango maki. Shi kuwa Bango in ya dawo da ƙwallo a hankali ta faɗa daidai kan layi, sai ka ji ana, "Wayyo, tsoro yake ji! Bai ci abinci ba!" Alƙaliya tana faɗin maki da Turanci, ba mai saurarenta. Kowa ya tabbata ina yi masa dukan kawo wuƙa.

Kafin a yi rabin awa tuwon goggonni ya fara karɓar hakkinsa. Numfashina ya koma kamar na mai hawan Dala da buhu. Bango ya gane, sai ya riƙa aika ni kusurwar dama, ya dawo da ni ta hagu, ya ajiye min wata gab da raga. Shadda ta jiƙe ta manne, wandon ya yage ta baya da wata ƙara da har alƙaliya sai da ta leƙo. Zagayen farko ya cinye ni ba wahala. A hutu makaɗa suka saki kiɗa, aka zo ana yi min fifita da hula, wani yana ɗura min kunun aya, Kawu yana cewa, "Ka rage masa, ɗana, kar ka kashe ɗan mutane."

A lokacin tsoro ya shige ni na gaske. Na hango Legas tana tafiya ta bar ni. Na tuɓe rigar shaddar na jefar, na saura da singileti, na shiga zagaye na biyu da abin da ya rage a hannuna na shekara huɗun Baba Koci. Na daina dukan hauka, na koma sa ƙwallo cikin layi. Mutanena suka ɗan yi sanyi, har na ji wani yana cewa Guguwa ta fara gajiya, alhali a lokacin ne na fara wasa. Muka yi ta ja, ya ci in ci, har muka zo gab da ƙarshe yana gabana da ƙiris. Maki ɗaya ya rage masa ya gama da ni. In kuwa na ƙwace wannan makin, akwai sauran rai, kuma na ga shi ma ya fara gajiya.

Ya buga, na mayar. Ya mayar, na mayar. Mun kai kusan sau goma sha biyar, fili ya yi tsit a karon farko tun safe. Sai Bango ya yi kuskuren da bai saba yi ba, ya ɗago ƙwallo sama, gajeriya, mai laushi, tana saukowa daidai inda nake so. Irin wadda na buga a bidiyon nan ce sak. Ashe makaɗin ya gaji da zaman bayan waya, ya hau kan rufin wata adaidaita yana leƙe. Da ya ga na ja da baya ina shirin duka, sai ya ga ai lokacin kisa ne, kuma a saninsa ba a kisa ba take. Ya saki kiɗan da duk ƙarfinsa.

Wallahi ban yi niyya ba. Hannuna ne ya tashi. Na miƙe raket sama ina karkaɗawa kamar yadda na saba yi kullum, ƙwallo ta sauko ta gefen kunnena, ta faɗi cikin layi, ta yi tsalle ɗaya, ta yi na biyu, ta gangara. Alƙaliya ta faɗi abin da za ta faɗa. Wasa ya ƙare.

Bango, da ya ji an ce shi ya ci, sai ya saki raket ya zube a kan gwiwoyinsa, ya haɗa hannu yana yi wa Allah godiya irin ta addininsu. To, ku tsaya ku ga abin da mutanena suka gani. A dambe, duk wanda gwiwarsa ko hannunsa ya taɓa ƙasa an kashe shi. Ga yaro durƙushe a ƙasa, ga ni a tsaye hannu a sama, ga take yana tashi.

"Ya kashe shi!" Muryar Kawu ce. "Wallahi ya kashe shi!"

Kafin in sauke hannu an ɓalle ƙofa an cika fili. Aka sure ni aka ɗora a kafaɗa, da yagaggen wandona. Goggo tana guɗa kamar maƙogwaronta zai tsage, ana yi min liƙi a goshi, raga ta faɗi an tattake. Wani dattijo ma har ya je ya dafa Bango yana ba shi haƙuri, wai ya yi ƙoƙari, wata rana sai labari. Ina ta cewa, "Ku tsaya, ku sauke ni," kiɗa ya danne muryata. Hawaye suka zubo min, aka ce dubi yaron kirki, kukan murna yake.

Daga can saman kafaɗun na hango abin da ba wanda ya kula da shi. A gefen fili alƙaliya ta ciro wata farar ambulan ta miƙa wa Bango, babansa ya karɓa da hannu biyu. Baba Koci yana tsaye kusa da su. Ya ɗago muka haɗa ido, bai girgiza kai ba, bai yi tsaki ba, ya sunkuya ya fara ɗaga ragarsa daga ƙasa.

Haka aka yi jerin gwano da ni har Rijiyar Lemo, ana hon ana kiɗa, kuma duk tsawon hanyar na rasa ƙarfin halin da zan faɗa. Mahaifina yana zaune kan tabarma a ƙofar gida. Ya jira kiɗa ya lafa, ya ce, "Yaya aka yi?"

"Malam, ai sai godiya," in ji Kawu. "Da gwiwa biyu ya kai shi ƙasa."

"Ba kai na tambaya ba." Ya dube ni. "Wa zai tafi Legas?"

Na ce, "Shi ne, Baba. Ni aka cinye."

Shirun da alƙaliya ta yi ta roƙo tun safe sai a lokacin aka yi shi da gaske. Makaɗin ya zare kalangu daga hammata a hankali. Goggo ta ce to shinkafar da aka dafa fa, mahaifina ya ce a ci, ai ba ita ta faɗi ba. Aka ci kuwa, har da neman ƙari. Kawu ya rantse maguɗi aka yi, shi da idonsa ya ga gwiwa a ƙasa, kuma gobe zai je rediyo. Da ƙyar mahaifiyata ta hana shi. Har yau akwai tsofaffi a unguwarmu da suka yi imani cewa ni na ci aka danne min don ba ni da kowa a Legas, kuma ba zan ɓoye muku ba, na ɗan yi kwanaki ina jin daɗin barin su a haka.

Cikin wata guda komai ya wuce. Hotunan bayan adaidaita suka koɗe, wani yaro mai ƙwallon ƙafa ya fito, aka koma kansa. Bango ya tafi, ya yi karatunsa, wasan ya kai shi ƙasashen da ni sai a taswirar ajina nake nuna wa yara su, don yanzu malamin firamare ne ni. Ba na yi masa hassada, da guminsa ya samu. Amma in na ce abin ba ya yi min ciwo na yi ƙarya.

Sai da na yi mako uku kafin na iya komawa filin. Na tarar da Baba Koci shi kaɗai a kan bencinsa. Na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe min. Makaɗin nan ne ya cuce ni."

"Makaɗi aikinsa ya yi," in ji shi. "Wa ya kira shi?"

Na sunkuyar da kai, ya ci gaba.

"Ɗan Malam, mutum nawa suka ɗauke ka a kafaɗa ran nan?"

"Suna da yawa, Baba."

"A cikinsu mutum nawa suka san ka faɗi?"

"Babu ko ɗaya."

"To. Ni da ban taɓa ce maka sannu ba, kwana biyu ban iya cin abinci ba. A shekara talatin da na yi a filin nan ban taɓa samun hannu irin naka ba."

Wannan shi ne yabo na farko da ya taɓa yi min, kuma ya zo a ranar da ba zai amfane ni da komai ba. A nan na yi kukan da ya fi na kan kafaɗa, shi kuma ya bar ni na yi har na gaji.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake gaya wa duk yaron da na ga an fara yi masa tafi tun gemu bai fito ba. Masu yabonka ba maƙiyanka ba ne, nawa ma masoyana ne na gaskiya, da ƙauna suka rako ni har inda na faɗi. Amma kafin ka bari yabon mutum ya shiga kanka, ka tambayi kanka ko zai iya gane ranar da aka cinye ka. In ba zai iya ba, ka yi masa godiya, ka ci tuwonsa kaɗan, ka koma wurin mai ɗaure maka fuska.